Bulon Da Bai Sha Ruwa Ba

A garin Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, akwai wata yarinya mai suna Ummussalma. Tana aji biyar na firamare. Yarinya ce mai fara'a da kuzari. Halinta ɗaya ne ke ba mutane dariya. Kafin ka gama faɗin aiki, ta riga ta ce, "Zan iya!" Ko ba ta san mene ne aikin ba, ita dai za ta iya.

Ajinsu ya daɗe da lalacewa. Bangonsa ya tsage daga sama har ƙasa, ƙadangaru suna shiga da fita ta ciki yadda suka ga dama. Don haka aka mayar da 'yan aji biyar gindin bishiyar darbejiya. Can suke ɗaukar karatu, awakin unguwa suna taya su da kuka.

Wata safiya hedimasta, Malam Abdulsalami, ya tsaya a gaban ɗalibai yana murmushi.

"Albishirinku!" in ji shi.

"Goro!" yara suka amsa da ƙarfi.

"Ƙaramar hukuma za ta gyara mana aji biyar. Za a rushe tsohon bango a gina sabo. Kuma bulon ginin a nan garin za a buga shi. An ba Malam Iliyasu aikin."

Ummussalma ta daka tsalle har ɗankwalinta ya zame. Malam Iliyasu ai babanta ne! Duk Sara an san shi da buga bulo mai ƙwari. Ran nan ba wanda bai ji daga bakinta ba cewa babanta ne zai yi bulon aji biyar.

A filin da ke bayan gidansu Baba ya yi aikin. Ya kwaɓa yashi da siminti, ya buga bulo, ya jera su layi-layi. Suka yi kyau gwanin sha'awa.

Yana gamawa ke nan aka aiko masa da saƙo. Kaka, wato mahaifiyarsa, ba ta jin daɗi a Maruta. Dole ya je ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, kuma zai yi 'yan kwanaki a can.

Baba ya zauna a tsakar gida ya yi tagumi.

"Damuwata bulon nan ne," ya ce wa Inna Safiyatu, mahaifiyar Ummussalma. "Ga zafin bazara. In bai sha ruwa safe da yamma ba, an yi aikin banza. Ke kuma ga ki da jego, ba ki fita. Bari in nemi wani yaro in..."

"Zan iya!" in ji Ummussalma.

Baba ya dube ta. "Kin ma ji abin da zan ce?"

"Na ji, Baba. Ban ruwa ne. Wallahi zan iya. Kada ka kira kowa."

Baba ya kama hannunta, suka fita bayan gida. Ya nuna mata bokiti da jarka da baro. Ya nuna mata famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin hanya.

"Ki saurare ni da kyau," ya ce. "Sabon bulo kamar shuka yake, sai da ruwa. Ruwan ne ke sa siminti ya kama. Kowane layi sai ya sha ya ƙoshi, na gaba da na tsakiya da na baya. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Kuma ki sani, daga Gwaram za a aiko injiniya ya duba su kafin a ɗora ko ɗaya a gini. Aikin hukuma ba a yin sa sai an duba."

"Ko injiniya goma za a aiko, za su yaba," in ji Ummussalma.

Baba ya yi dariya, ya shafa kanta. Ya hau baburinsa ya tafi.

Ranar farko ta yi aiki kamar ba gobe. Ta tuƙa famfo, ta cika jarka, ta tura baro. Ta jiƙa kowane bulo har ruwa ya kwanta a ƙasa. Ta dawo gida kafaɗunta suna ciwo, amma ranta fari tas.

Washegari ma ta yi na safe lafiya lau. Da yamma ce matsala ta iso, kuma a kan keke ta iso.

Ƙawarta Joy ce. Ajinsu ɗaya, mamanta kuma ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin. An kawo wa Joy keke daga Gwaram, ja wur, da ƙararrawa a hannu.

Kirrrin! Kirrrin!

"Ummu, zo in koya miki!" Joy ta kira ta.

Ummussalma ta dubi keken. Ta dubi layukan bulo. Kai, yau sai suka yi mata yawa, kamar an ƙara su.

"Ina da aiki," ta ce a hankali.

"To, gama mana. Ina jiran ki a filin makaranta."

Nan dabara ta faɗo mata. Ta lura Inna ba ta iya fitowa. Daga ƙofar baya kawai take leƙowa, jariri a kafaɗa. Daga can kuwa layukan gaba kaɗai ake gani. Bulon da ya sha ruwa yakan yi duhu, wanda ya bushe ya yi fari. In na gaba sun yi duhu, ai shi ke nan.

Ta ɗebo jarka guda. Ta jiƙa layukan gaba sharkaf. Na tsakiya da na baya kuwa ko ɗigo.

"Gobe zan ba su nasu har da na yau," ta faɗa a ranta.

Inna ta leƙo. "Har kin gama?"

"Eh, Inna."

"Sannu da ƙoƙari, 'yar albarka."

Kalmar nan ta ɗan soki Ummussalma a zuciya. Amma da ta ji ƙararrawar keke daga nesa, sai ta manta.

Goben da ta yi wa bulon alkawari ba ta zo ba. Da safe ta makara, don ta gaji da hawan keke. Da yamma kuma Joy na jira. Kullum layukan gaba su sha ruwa su ƙoshi, na baya suna gasuwa a rana. A 'yan kwanakin nan Ummussalma ta iya keke har tana sakin hannu ɗaya. Bulo dai ba shi da baki, balle ya kai ƙara.

Ran da ta ji Baba yana hanya, sai tsoro ya kama ta. Ta yi ta jigilar ruwa, ta jiƙa duk layukan daga farko har ƙarshe. Suka yi duhu bai ɗaya, ba ka bambanta wannan da wancan.

Baba ya dawo da labari mai daɗi. Kaka ta warke, har tana neman tuwo da miyar kuka. Ya zagaya bayan gida, ya ga bulo jiƙe. Ya danna na gaba da yatsa, ya ji shi kamar dutse.

"Madalla!" ya ce. "Ashe da gaske za ki iya."

Ummussalma ta yi murmushi, amma murmushin bai kai ciki ba.

Bayan kwana biyu injiniya ta iso. Ashe mace ce! Sunanta Lilian, daga sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Tana sanye da hular kwano ruwan ɗorawa da manyan takalma. Hausa kuwa a bakinta kamar a Sara aka haife ta. Ta gaisa da kowa, ta tambayi Baba jikin tsohuwa.

Hedimasta ya kawo 'yan aji biyar su ga yadda ake duba aiki. Maƙwabta ma suka taru.

"Yara, kun san dalilin zuwana?" Injiniya Lilian ta tambaya.

"Ki ga bulo!" wani yaro ya ce.

"Haka ne. Amma ba kallo kawai na zo yi ba. Ku ne za ku zauna a cikin ajin nan. In bango ba shi da ƙwari, a kan wa zai faɗo?"

"A kanmu!"

"To, kun gani. Shi ya sa hukuma ba ta barin a yi gini sai ta aiko an gwada."

Ummussalma tana tsaye kusa da Joy. Tana ta addu'a a ranta injiniya ta ɗauki na gaba.

Injiniya ko kallon na gaba ba ta yi ba. Ta ratsa tsakanin layuka, ta nufi can baya. Ta sunkuya ta ɗauki guda. Ta ɗaga shi daidai ƙirjinta, ta sake shi.

Fus! Bulon ya tarwatse. Yashi ya bazu har kan takalmanta.

Kowa ya zuba wa injiniya ido.

Ta ɗauki wani a tsakiya, ta sake. Shi ma ya dagargaje. Ta kankari wani da farce, sai ga gari yana zuba.

Injiniya Lilian ta cire hularta. Fuskarta ta canza.

"Malam Iliyasu, wannan ba zai hau bangon yara ba," ta ce. "Bulo ba ya yin haka banza. Ko dai siminti ya yi masa kaɗan, ko wani abu ya faru. In ban gano dalili ba, dole in koma in faɗa wa ofis a nemo bulo a wani wuri."

Sai ƙus-ƙus ya tashi a bayan taro.

"Ya rage siminti ke nan," wani ya ce ƙasa-ƙasa.

"Haba! Iliyasu? Ashe haka yake?" wani ya amsa.

Ummussalma ta ji su sarai. Ta dubi babanta. Ya tsuguna, ya ɗebi garin bulon a tafin hannu, yana murzawa. Shi mai sana'a ne, yana taɓawa ya gane abin da ya faru. Ya ɗago kai ya dubi 'yarsa sau ɗaya. Bai ce komai ba, ya mayar da kansa ƙasa.

Wannan shirun ya fi mata duka zafi. Ga babanta ana ce masa mai satar siminti a gaban mutane, kuma ya gwammace ya haɗiye da ya tona mata asiri. Ta ji kunya, ta ji tausayinsa.

Ta taka zuwa gaba.

"Anti Injiniya," ta ce. "Ba laifin Baba ba ne. Bai rage komai ba. Ni ce."

"Ke ce kamar yaya, 'yata?"

"Ya yi tafiya, ya bar mini ban ruwa. Na gaba kawai na riƙa jiƙawa, don su ne Inna ke iya hangowa. Na baya ban ba su ba. Keke na tafi hawa."

Tana gama faɗa ta fashe da kuka.

Joy ta dafe baki. "Wayyo, Ummu! Ai da kin gaya mini, da na taya ki."

Injiniya Lilian ta dubi Ummussalma. Sannan ta juya ga Baba.

"Malam, na gaba da na baya kwaɓi ɗaya ne?"

"Kwaɓi ɗaya ne, ranki ya daɗe. Rana ɗaya na buga su."

"To, yanzu za mu gani."

Ta ɗauki bulo daga layin gaba. Ta ɗaga, ta sake. Dim! Ya faɗi ya zauna daram, ko gefensa bai ɓantare ba. Ta gwada wani. Shi ma haka.

Ta juyo ga taro, ta ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, kun gani da idonku. Simintin Malam Iliyasu cikakke ne. Ƙishirwa ce ta kashe waɗancan."

Masu ƙus-ƙus suka fara sosa ƙeya. Wanda ya fara maganar ma shi ya riga kowa cewa, "Ai dama na san Iliyasu ba zai yi haka ba!" Mutane suka yi masa dariya.

Ummussalma ta share hawaye. "Anti, in na ba su ruwa da yawa yanzu, za su gyaru?"

"A'a," in ji injiniya. "Siminti yana da lokacinsa na shan ruwa. In ya wuce, ya wuce. Waɗannan sai dai a farfasa su a yi cikon daɓen aji. Ba zan yarda ko ɗaya ya hau bango ba, ko da kuka za ki yi mini har gobe."

Ta dubi Baba. "Zan ba ka lokaci ka sake buga waɗanda suka lalace. Zan dawo in gwada. Amma fa sabon simintin daga aljihunka zai fito."

"Na yarda," in ji Baba. "Gaskiya ce."

Da suka koma gida, Inna ta yi mata faɗa sosai.

"Ni kika yi wa wayo, ko? Ina sa miki albarka, ashe kina rufe mini ido!"

"Ki yafe mini, Inna. Ba zan ƙara ba."

Baba bai ɗaga murya ba. Ranar kasuwar Gwaram ya kwance ragon da yake kiwo, ya ɗora shi a mota. Da yamma ya dawo ba rago, sai buhunan siminti. Ummussalma ta tsaya tana kallon turken da ya zama wayam. Ita ce ke ba ragon nan dusa kullum. Hawaye suka sake zubo mata.

Ta je ta durƙusa a gaban babanta.

"Baba, saboda ni ka sayar da shi."

"Haka ne," ya ce. Bai ɓoye mata ba. "Kin yi kuskure, kuma ya ci mana rago. Amma da kika buɗe baki a gaban mutane, kin dawo mini da abin da ya fi rago. Kin wanke mini suna."

"Wannan karon wa zai yi ban ruwa?" ta tambaya a hankali.

Baba ya dube ta yana jira. Yana tsammanin zai ji kalmar nan tata ta kullum. Amma ba ta faɗe ta ba.

"Ina so in yi," ta ce. "Amma yana da yawa, Baba. Ni kaɗai ina gajiya. Ka bari in nemi taimako."

Baba ya yi murmushi. "Yanzu kika yi magana."

Washegari ta gaya wa hedimasta. Malam Abdulsalami ya tambayi 'yan aji biyar ko akwai mai son taimakawa. Hannuwa suka tashi sama kamar ana rabon alewa. Ai ajinsu ne!

Baba ya buga sabon bulo. Safe da yamma yara suka riƙa zuwa. Wasu suna tuƙa famfo, wasu suna tura baro. Joy ta ɗaure jarka a bayan kekenta tana jigila. Suna aiki suna waƙa, suna fesa wa juna ruwa, hedimasta yana yi kamar bai gani ba.

Ummussalma ce shugabar aiki. Ta kafa doka guda: daga layin baya ake farawa. Kuma ba ta barin wurin sai ta bi kowane layi ta taɓa da hannunta.

Injiniya Lilian ta dawo kamar yadda ta ce. Mutane suka taru fiye da na farko. Har Inna ta fito bakin ƙofa da jaririnta.

"Ina Ummussalma?" injiniya ta tambaya.

"Ga ni, Anti."

"Yau ke za ki zaɓa mini wanda zan gwada."

Ummussalma ta dubi layukan. Ga na gaba nan kusa da ƙafarta, kowa ya san sun sha ruwa. Amma ta wuce su. Ta ratsa har ƙarshen fili, can lungun da ba mai gani. Ta nuna na ƙarshe.

"Wannan," ta ce.

Injiniya ta ɗauke shi, ta kawo tsakiyar taro. Ta ɗaga daidai ƙirji. Yara suka riƙe numfashi. Ta sake.

Dim!

Bulon ya zauna lafiya ƙalau. Ƙasar ce ma ta ɗan lotsa.

Yara suka kaure da ihu da tafi. Joy ta yi ta kaɗa ƙararrawa. Inna ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa, har jaririn ya farka yana kallon kowa.

Injiniya ta gwada wasu daga nan da can, duk suka tsaya. Ta ba magina izini su fara aiki gobe. Sannan ta ce wa Baba, "Malam, akwai gyaran wani ɗakin shan magani a Maruta nan gaba. Zan gaya musu na ga aikinka da idona."

Baba ya yi godiya, bakinsa har kunne.

Kafin ta tafi, injiniya ta cire hular kwanonta ta ɗora wa Ummussalma. Hular ta rufe mata ido har hanci. Kowa ya yi dariya.

"Faɗa wa 'yan'uwanki abin da kika koya," in ji ta.

Ummussalma ta ɗaga hular da hannu biyu. Ta dubi babanta, sannan ta dubi 'yan ajinsu.

"In an ba ka amana, ka yi ta duka," ta ce. "Inda ake gani da inda ba a gani. In ka gaji ka faɗa, kada ka yi wayo. In kuma ka yi laifi, ka faɗi gaskiya kafin a ɗora wa wani."

"Kun ji?" in ji hedimasta.

"Mun ji, Malam!"

Baba ya matso ya dafa kafaɗarta. A gaban duk mutanen Sara ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Wannan karon albarkar ta shiga har cikin zuciyarta, don ta san ta cancanta.